Huhun Aro

Tun da masaƙa ta rufe, unguwar ma'aikata ta koyi yin tari a ɓoye. Da rana tsaka za ka bi layi ka ji tsit, sai can bayan wani bango ka ji an danne baki da matashi ana fama. Magana ce ta zaga cewa wani attajiri zai sayi masaƙar, kuma ba zai ɗauki mai ciwon ƙirji ba. Ba wanda ya taɓa ganin attajirin nan. Amma saboda shi magidanta suka gwammace su ruɓe a ɗaki da su taka asibiti.

Ana cikin haka hukumar lafiya ta turo ma'aikata su auna lafiyar garin. Aka ajiye su a tsohon ɗakin cin abincin masaƙa, inda har yanzu auduga ke reto a jikin fankokin da suka daina juyawa. Sista ce a kan bututun awon huhu: mutum ya ja numfashi, ya hura iya ƙarfinsa, allura ta nuna. 'Yar unguwar ce. A masaƙar ubanta ya yi aiki har ƙirji ya kai shi ƙasa, yayanta ya gaji injinsa.

Wani mai jar hula ya hura, allura ta kai ƙarshe. Can wani mai malafa, shi ma haka. Da mai rawani da tabarau ya matso, Sista ta ajiye bututun.

"Zugazugi, kai ne kuma?"

Mai tura kurar ruwa ne, bai taɓa shaƙar ƙurar auduga ba, ƙirji kamar ganga.

"Haba Sista, wane Zugazugi? Ni tsohon mai rini ne."

"Mai rini da kantar kura a tafin hannu? Kai nawa gare ka yau?"

"Kai ɗaya ne, hulunan ne na jama'a. Kowa ya ba ni hularsa da sunansa, in hura masa. Taimako ne."

Layin ya kwashe da dariya. Dariyar ta koma tari a bakin mutum biyu, suka yi waje da sauri.

Sista ba ta yi dariya ba. Ta gane tabaran, ƙafa ɗaya ɗaure da baƙin zare. Na ubanta ne, kuma yayanta ke sa shi. Ta zare shi daga fuskar mai ruwa, ta ɗauki bututun ta nufi gidan yayan.

Matar yayan ta tare ta a ƙofar ɗaki.

"Sista, sannu da zuwa. Ai kuwa ya fita."

"Da wane takalmin? Ga su can."

Takalman aiki ne, an goge su suna ƙyalli, a jere a bakin gado. A kan gadon akwai abin da ya rage na Yaya. Wuya ya zama kara, leɓe ya yi toka-toka, matashin da ke hannunsa duk ɗigon jini. Ɗakin na warin man zafi, taga a rufe don kada maƙwabta su ji.

"Autar Baba," ya ce, yana tsayawa tsakanin kalmomi. "Mura ce."

"Murar da ta kwashe wata da watanni? Yaya, hura."

"An riga an hura mini."

"Huhun mai ruwa ba zai yi maka numfashi ba. Hura."

Matar ta kama hannunta. "Ki rufa mana asiri. In aka ce ba shi da lafiya, ranar da aka buɗe masaƙa me za mu ci?"

"In ya mutu me za ku ci?"

Gaskiya ce mai ɗaci, kuma da an faɗe ta tun farko da ba a kai nan ba. Yaya ya karɓi bututun, ya ja numfashin da ya samu, ya hura. Allura ta ɗan motsa, kamar an taɓa ta da gashin kaza, ta koma. Irin motsin da Sista ta gani ke nan a awon ubanta na ƙarshe.

"Tashi. Motar asibiti na bakin masaƙa."

"Ta layi za ki bi da ni? Kowa ya gani?"

"Kowa ya gani."

Ta rataya hannunsa a kafaɗarta suka fito. Hasken rana ya buge shi, tari ya taso, babu matashin da zai danne shi. Ya yi shi a fili, tun daga kan layi har ƙarshe. Ƙofofi suka riƙa rufuwa ɗaya bayan ɗaya, don kada a ga kowa tare da shi. A bayan kowace ƙofa akwai mai irin ciwonsa, yana riƙe numfashi har su wuce.

Da suka kusa motar ya tsaya ya huta, bai dube ta ba.

"In aka buɗe babu ni, ke ce sila."

"Na ɗauka, Yaya," ta ce. "Ɗaga ƙafa."