Wuri a Ƙafafun Tibo

Wani kanar ya ƙame a bakin gado, hannu a goshi, gumi na bin wuyansa. Al'adar soja ce: mai lambar jarumta mafi girma, ko kurtu ne, babba ke fara sara masa, kuma hannu ba ya sauka sai an amsa. Mang Celso kuwa, tsohon saja mai lambar da ke kwance a gadon, yau ko cokali ba ya iya ɗagawa.

Maƙwabciyarsa Aling Marita na tsaye a ƙofa da kwanon faten shinkafa. Shekara talatin dangar gora ce kawai tsakaninsu, amma ko gaisuwa ba ta haɗa su. Ranar da Celso ya ci lambar nan, mutum biyar ya goyo daga cikin ruwan harsashi. Mijinta Tibo ne na shida, da Celso ya koma sai ya iske ya cika. Yau ma sai da 'yar Celso ta yi mata kuka ta shigo.

"Yallaɓai, sauke abinka kar ya sage," in ji Celso.

"Ba zan iya ba, Saja. Na zo in shaida maka an ware maka wuri a makabartar jarumai, a Manila. Da tuta, da harbin bindiga."

"Manila? Ni da ko da raina cunkosonta ya ishe ni." Ya yi tari, ya juyo da ido ƙofa. "Marita, gefen kabarin Tibo naki ne, na sani. Wajen ƙafafunsa nake roƙo. Ran nan na ce masa ya jira ni, yanzu zan dawo."

Baƙin cikin da ta yi ta kiwo duk shekarun nan ya ƙi ba ta hanya, ta tsaya tana kallon kwano. Kafin "to" ɗinta ya fito, 'yarsa ta ƙwalla ƙara. Ya cika bai ji amsarta ba, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Hannun kanar na nan sama. Marita ta ajiye kwanon, ta kama hannun Celso, ba nauyi kamar busasshen kara, ta kai masa goshi.

"Ga shi ya amsa, ɗana. Sauke," ta ce. "Ka gaya musu a bar mana shi nan."

A kan tebur, gefen lambar, faten na ta tururi.