Hannun Malam Sanda

Amatullah ta matse tsumman a ruwan ɗumi, ta sake ɗora shi a dantsen mahaifinta na dama. Wurin da aka yi masa allurar rigakafin ya tasa kamar ƙwan agwagwa, ya yi ja, jikin kuma zafi rau.

"Baba, mu je asibitinmu a duba. Kumburin nan ya wuce misali."

"To likita," in ji Malam Sanda, yana laluben laujensa a gefen tabarma. "Yau gayyar Buba ce. In ban je masa ba, wa zai zo mini ranar tawa? Shinkafar ta zube a fadama saboda ɗan ƙurji?"

Ita ba likita ba ce, ƙaramar ma'aikaciya ce a ɗakin shan magani na ƙauyensu, kusa da Dayi. Ita ce ma ta lallashe shi har ya yarda aka yi masa allurar. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ya riga ya fice.

Da hantsi tana Malumfashi, wurin taron ma'aikatan lafiya, ta takure a kujerar baya. Shugabansu, Malam Aƙilu, yana bayanin waɗanda suka kawo ƙorafi bayan allurar. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan ofis, da su kansu ma'aikatan asibiti. Manomi babu ko ɗaya.

"Saboda haka motar likitan da za ta bi sawu a gari za ta tsaya," ya ce. "Ƙauyuka lafiyarsu lau."

"Ai manomi allurar ce ke jin tsoronsa," in ji wani. Aka yi dariya.

Amatullah ta ɗaga hannu, ta sauke, ta sake ɗagawa.

"Ranka ya daɗe, malamin makaranta in ya ji ciwo zai zo, don a ba shi hutu. Manomi wa zai ba shi hutu? Babana ma hannunsa ya kumbura."

"Allah ya sawwaƙe. Ya zo asibiti?"

"A'a."

Malam Aƙilu ya cire tabarau ya goge. Ba mugun mutum ba ne.

"'Yata, wanda ya zo shi nake ƙirgawa. Ki kawo shi yau kafin in tura rahoto, sai in sa ƙauyenku a hanyar motar."

Ta hau acaɓa, ta ce a sauke ta bakin fadamar Buba. Maza sun jeru cikin shinkafa, sun duƙa, ana yanka ana tsokanar juna. Daga nesa ta gane mahaifinta. Da hagu yake yanka, hannun daman ya cusa shi cikin riga. Can gefe maƙwabcinsu Ɗanjuma ma da hagu yake yi, shi kuwa ba bahago ba ne. Haka wani dattijo a ƙarshen layi.

Ta tsaya a kan kunya, takalminta na nutsewa a laka.

"Baba."

Ya ɗago. Gumi ya jiƙe masa gemu, idanunsa sun kaɗa. Ya dube ta, ya dubi mutanen da suka dakata suna kallonsu.

"Har an tashi taron?"

"An tashi. Sun ce in kawo ka."

"Ki ce musu na gode. Je ki gida, rana ta yi."

A hankali ya zaro hannun daman daga cikin riga. Ya mayar da laujen cikin hannun, ya cije leɓe, ya duƙa.