Mai Ƙafa Uku

Auta yana sauke abin daga bayan mota, direban ya ce, "Riƙe teburinka da kyau, ƙafarsa ta karkace."

"Kujera ce," in ji Auta. "Kuma da gangan na karkatar da ƙafar."

Direban ya dube shi sama da ƙasa, ya ja motarsa.

Auta ɗalibi ne a sashen zana kayan ɗaki, yau kuma ake duba aikin ƙarshe. In ya faɗi, sai ya maimaita shekara. Cewa aka yi kowa ya ƙero kujera ko tebur. Shi kuwa, da yake yaran yanzu ba sa iya yin abu yadda aka san shi, sai ya cire majingina, ya faɗaɗa mazauni, ya ba ta ƙafa uku. Wai so yake mutum ya zauna bai san ya zauna ba. Zancen banza ne, amma shi ya yarda da abinsa.

A gida aka fara dagula masa lissafi. Umma ta ɗora kwandon albasa a kai. Baba ya ajiye rediyo da hula. Yayarsa kuwa guga ta yi.

"Yaya, zama fa ake yi a kanta!"

"Wa zai zauna? Sai ka ce akuyar da mota ta buge."

Har shi kansa ya fara kallon abin yana kokwanto.

A zauren gwaji, shugaban sashe ya iso da baƙuwar malama, wata dattijuwa da aka gayyato daga wata makaranta. Tun safe take tsaye, daga wannan aiki zuwa wancan. Shugaban bai yi wata-wata ba ya ɗora kofin shayinsa a kan aikin Auta.

"Madalla. Ɗan samari, yi mana bayanin teburin nan."

 Auta ya dubi kofin, ya tuna albasa da rediyo. Mutum nawa ne za su yi kuskure iri ɗaya? Ko shi ne bai san abin da ya ƙera ba?

"Tebur ne, Malam," ya ce.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya yi bayanin faɗin saman, da yadda ƙafa uku ba ta girgiza ko ƙasa ba daidai take ba. Shugaban yana ta gyaɗa kai.

Yana cikin zuba, dattijuwar ta ɗauke kofin ta miƙa wa shugaban, hankalinta na wani wuri, ta zauna daram. Ta sauke numfashi, ta zare takalmi ɗaya.

"Wash, ƙuguna ya huta," ta ce. "Ci gaba, ɗana, ina jin ka. Ina teburin yake?"

Auta ya waiga, shi ma yana nemansa.