Filin da Yero Ya Zaɓa

Shekarar da fari ya sake maimaita kansa a ƙasar Gobir, Yero ya koyi aikin da ubansa bai taɓa koya masa ba, wato ɗaga saniya. Kullum da safe shi da matarsa Fatsuma sai su zura sanda a ƙarƙashin cikin wadda ta kasa tashi, ya kama gefe, ta kama gefe, su yi ta nishi har ta tsaya da ƙafafunta. Wadda ta tsaya ta sami wani yinin. Wadda ta sake zubewa kuwa sai a nemo wuƙa tun da sauran numfashi. Garken da a da in ya taso daga Burkusuma sai masu babur sun kashe inji sun jira ya wuce, yanzu igiya ɗaya ta ishe shi.

Shanu sun cinye kaba, sun cinye ganyen gawo, har jinkar bukka sun fara ja. Mutane kuma sun koma jiƙa 'ya'yan itacen anza suna ci, duk ɗacinsu. Yero ya rame har wuyan rigarsa na zamewa. Tsoro ne ke cinsa fiye da yunwa, domin Bafillatanin da ba shi da saniya bai san ma sunan da zai kira kansa ba.

A kasuwar Sabon Birni ya haɗu da Kalilu dillali, mutumin da zai iya sayar maka da rigar jikinka ka kuma yi masa godiya. Amma in za a faɗi gaskiya, a wannan magana Kalilu bai cuci kowa ba.

"Yero, shanunga naka ƙarewa za su yi kana kallo," in ji Kalilu. "Ka ga mutanenga da ka kwararowa daga arewa? Dut wurin kwana suka biɗa. Sayi hili ka gina ɗaki, ka zuba 'yan haya. Hili bai cin dusa, bai shan ruwa, kuma ba ka wayin gari ka iske shi ya mutu."

Wannan ta ƙarshen ce ta shige Yero. Abin da ba ya mutuwa! Kafin kasuwa ta zagayo ya kora ragowar shanunsa ya sayar, a farashin da ko faɗa bai iya yi, in ban da guda ɗaya, Saye. Ita ba tasa ba ce. Jikar saniyar da aka ba Fatsuma sadaki ce, kuma tana da ciki.

Kalilu ya fara kai shi wani tudu a bakin hanyar Isa, inda masu hali ke ta yankar filaye. Wurin fako ne, tsakuwa zalla. Yero ya shuri ƙasar da ƙafa, ya ɗebo ya shinshina, ya watsar.

"Nan ko akuya ba ta tsayawa," ya ce. "Wanga za ni ba da shanuna in saya?"

"Ɗaki za ka ginawa hwa, ba kiwo ba."

Yero bai ma saurare shi ba. Ya sa hannu ya kare rana, ya bi ƙasar da kallo kamar yadda ya saba tun yana yaro. Can gangare, bayan wasu goriba, ya hango abin da ya daɗe bai gani ba: kore. Ya nufi wurin da sauri, Kalilu na biye yana haki. Ciyawar kiri-kiri ce, 'yar ƙanƙanuwa, amma da ranta. Yero ya durƙusa ya caka sandarsa, ta fito da danshi. Sai ga hawaye a idon babban mutum.

"Nan nika so."

Kalilu ya sosa ƙeya. "Nan hwa kwari na. Da can, in ruwa ya yi yawa, nan shika kwanciya."

Yero ya yi dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta. "Ruwa? Wane ruwa? Yaushe rabonka da ganin ruwa kwance, Kalilu?"

Kalilu ya ɗaga kai ya dubi sama, fara tas. Ya faɗa sau ɗaya, kuma dillali ba ya maimaita maganar da za ta ɓata ciniki. Aka kira mai unguwa da shaidu, aka tafa, aka kakkafa itacen aguwa a kusurwoyi don shaidar iyaka.

Kada wani ya ce Yero wawa ne. Tun tasowarsa yake zaɓen ƙasa, bai taɓa kuskure ba. In ya ce a sauka nan, to shanu za su ƙoshi. Abin da bai taɓa yi ba shi ne zaɓa wa bango wurin tsayawa.

Da farko ma sai ya zama shi ne mai wayo. Masu gini a tudu sai sun sayi ruwa a gwangwani kafin a kwaɓa ƙasa, shi kuwa ramin da bai wuce ƙugu ba ya haƙa, ruwa ya tsattsafo. Laka ga ta nan a ƙarƙashin ƙafarsa. Shi da Fatsuma suka yi ta taka ƙasa suna yin tubali, magini na ɗorawa, cikinsu ba komai sai ruwan anza. Ɗakuna uku suka tashi a jere. Nan kuɗi suka ƙare, ba rufi, ba ƙyaure, kuma ba wanda zai biya hayar ɗakin da rana ke kwana a ciki.

Yero ya bi 'yan uwa neman rance, duk wanda ya tarar ya fi shi shiga uku. Kalilu ne ya ce yana da kwanon rufi da ƙyamare a ajiye, zai bayar, amma ba bashi ba. Saniyar nan yake so, shi yana da dusa da harawar da zai riƙe ta.

Yero ya yi ta kewaye maganar kamar mai kewaye ƙaya. Daga ƙarshe da hantsi ya sami Fatsuma tana tsinko wa Saye kiri-kiri da hannu, ya tsuguna nesa kaɗan.

"Na san abin da ka tahe da shi, maigida," ta ce, ba ta juyo ba.

"In ba mu ruhe ɗakunanga ba, dut shanun sun tahi banza."

"Ita ɗai tar rage muna. Ciki gare ta. In ta haihu, garke ya dawo."

"Mi za ta ci kahin ta haihu? Ciyawag ga ta kwana nawa ta? Za ta mutu hannunmu, mu rasa ta, mu rasa ɗaki."

Ba shi da ikon sayar da ita, shi ma ya sani. Saniyar sadaki ta mace ce, ko alkali ba ya taɓa ta. Fatsuma ta daɗe tana shafa wuyan Saye. Sannan ta kwance igiyar da kanta, ta ajiye a ƙasa gabansa, ba ta miƙa masa a hannu ba. Ta shige ɗakin da ba rufi ta zauna har yamma.

Aka rufe ɗakuna. Wani mai suna Alhassan, da yunwa ta koro daga tsallaken iyaka da iyalinsa, ya kama biyu, yana dako a kasuwa yana biyan haya da gero. Yero da Fatsuma suka zauna a na ukun. Ranar da aka tuƙa tuwon farko, Yero ya ci har ya yi gyatsa. A masallaci aka fara ce masa mai gidan haya, yana sunkuyar da kai, amma yana jin daɗin abin. Fatsuma dai ta canza hanyar kasuwa, don kada ta bi ta ƙofar gidan Kalilu, inda aka ce Saye ta haifi maraƙa.

Da bazara ta yi, gari ya fita roƙon ruwa. Aka juya riguna, liman na addu'a, tsofaffi na kuka. Ba wanda ya kai Yero ɗaga murya wurin cewa amin, domin ya tuna da kowace saniyar da ya yanka tana kallonsa. Allah kuwa ya amsa. Ruwa ya sauka, ya sake sauka, aka yi shuka, mutane na rungumar juna a hanya. Yero ya tsaya a ƙofar ɗakinsa yana jin ƙarar ruwa a kan kwano, yana cewa alhamdu lillahi.

Da marka ta kankama, wata safiya Fatsuma ta sauko da ƙafa daga gado ta ji ta cikin ruwa. Ba ta sama ya shigo ba, rufin Kalilu ko ɗigo bai yi. Ta ƙasa ya zo. Duk ruwan da ya sauka a tudu, da na lungunan gari, ya gangaro inda ya saba kwanciya tun kafin a haifi Yero. Kafin rana ta take ya kai gwiwa. Alhassan ya ɗora 'ya'yansa a kafaɗa, matarsa ta ɗauki tukwane, suka haura tudu ba ko sallama.

Yero ya yi ta kwarfa da ƙwarya, yana zubarwa ruwan na dawowa. Ya tara laka a gindin bango, ta narke a hannunsa. Sai ya ga bangon gabas ya fara karkata a hankali, gindinsa ya saki. Ya san wannan durƙuson, ya sha ganinsa. Ya rarumo azara ya tokare.

"Kama can!" ya daka wa Fatsuma tsawa. "Kama mu ɗaga!"

Ta kama. Ya kama gefe, ta kama gefe, suka yi nishi kamar yadda suka saba. Amma bango ba saniya ba ne, in ya kwanta ba ya tashi. Da ƙyar ta finciko shi baya kafin ɗakin ya zauna. Sauran biyun suka bi shi kafin la'asar.

Da ruwa ya janye, suka tsinci kwanon da bai lanƙwashe ba suka jingina a jikin goriba, nan suka koma kwana. Ba haya, ba gero. Filin kuwa ya yi abin da Yero ya gani a jikinsa tun ranar farko. Ciyawa ta tashi har ƙirji, kore shar, ta rufe tarin ƙasar da a da ɗakuna ne. Duk faɗin Sabon Birni ba makiyaya irinta. Yero yakan zauna ya zuba mata ido, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Wata safiya sai ga Kalilu da igiya a hannu, Saye na biye, ta yi ƙiba har tana sheƙi, maraƙarta na tsalle a gefe. Ya yi jaje, ya daɗe yana kame-kame, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Harawa ta yi tsada, ga ciyawa nan tana lalacewa. In Yero zai riƙe masa su a nan, zai riƙa auno musu gero duk kasuwa.

Yero ya dubi tukunyar da ba a ɗora ba tun jiya. Ya miƙa hannu ya karɓi igiyar.

Saye ba ta jira an ja ta ba. Ta wuce shi, ta je ta sa hanci a kafaɗar Fatsuma. Fatsuma ta dafa goshinta, ta dubi hantsar da ta cika taf.

"Malam Kalilu," ta ce, "nonon hwa?"

Kalilu ya kau da kai. "Uwargida ta ce a riƙa kai mata da sahe."

Fatsuma ta shiga ƙarƙashin kwanon ta ɗauko ƙwaryar tatsarta, wadda ta hana a sayar duk tsawon farin. Ta tsuguna ta tatsa har ƙwaryar ta cika, kumfa na tashi. Ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Ta rufe da faifai, ta ɗora a ka, ta bi bayan Kalilu zuwa gidansa a tudu.