Minti na Arba'in da Bakwai

Tsohon direba ya kwance hankicinsa a kan teburin mai gyara, ya fito da kaset ɗin bidiyo. Ya ce na'urarsa ta gida ta mutu tun watan jiya, yana so a zuba masa fim ɗin a waya. Autarsa ce ta rako shi kafin ta wuce aikin rana a asibiti. Ta tsaya daga bakin ƙofa, domin shagon ba ya ɗaukar mutum uku: matattun rediyo da talabijin sun hau kan juna har rufi, ga warin dalma.

Mai gyara ya karanta sunan da ke jikin kaset ɗin, ya fashe da dariya.

"Haba Baba! Duk finafinan duniya ka rasa na adanawa sai wannan? Na kalle shi ina ƙarami. An harbi jarumin sau uku yana ta zuba surutu, har mu 'yan kallo muka fara roƙonsa ya mutu mu huta."

"Sau huɗu," in ji tsohon. "Ka manta na kan gada."

"To ka ji! Me ake kallo a ciki?"

"Ni ma ban ce yana da kyau ba. Kai dai ka kai ni minti na arba'in da bakwai."

Auta ce ta yi bayani. Ranar da ake ɗaukar fim ɗin, mahaifiyarta na dawowa daga kasuwa da kwando a hannu, ta ratsa titi ta bayan jarumin, ba wanda ya tare ta. Ta yi taku shida, ta waiwayo ta dubi kyamara, ta wuce. Bayan shekara uku ta rasu, Auta na goye. Akwai hotunanta biyu a gida, amma duk a zaune take, ta ƙame kamar mai jiran allura. A fim ɗin nan kaɗai take tafiya.

Mai gyara ya daina dariya. "Allah ya jiƙanta," ya ce. Ya jawo wata tsohuwar na'ura daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura, ya haɗa ta da kwamfuta.

Hoto ya fito, ya ɗan koɗe amma ana gane kowa. Mai gyara ya tura fim ɗin gaba. Jarumin ya fito daga wani shago, ya tsaya bakin titi yana gyara hula. Tsohon ya matso da kujerarsa.

"Yanzu. Ta hagu za ta ɓullo."

Allon ya cika da yayyafi fari da baƙi. Sauti ya ja kamar mai magana cikin ruwa. Da hoton ya dawo, jarumin har ya shiga mota.

"Datti ne," in ji mai gyara. Ya buɗe na'urar, ya goge kanta da auduga, ya sake kunnawa. Yayyafin ya zo a daidai inda ya zo ɗazu. Ya gwada wata na'urar, haka. Sai ya kwance kaset ɗin da ɗan sukundireba, ya jawo zaren a hankali ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa. Duk zaren baƙi ne mai sheƙi, ban da wani yanki mai tsawon kamu biyu da ya yamutse, haske na ratsa shi.

"Baba, sau nawa kake mayar da wurin nan?"

"Kullum in na ajiye mota. Wani lokaci sau biyar, wani lokaci fiye."

"Shekara nawa?"

"Ashirin da shida."

Mai gyara ya ajiye sukundireban. "Wannan baƙin da ke jikin zaren, shi ne hoton. Duk sanda ya bi ta kan na'ura sai ta ɗan kankare shi. Sauran fim ɗin lafiyarsa ƙalau, don ba ka dame shi ba."

Tsohon ya daɗe yana duban zaren. "Na ga tana dusashewa," ya ce. "Na ɗauka idona ne. Har tabarau na canja."

"A duba intanet mana," in ji Auta da sauri. "Ba abin da babu a can."

Sun ɗauki kusan rabin awa suna nema. Kamfanin da ya yi fim ɗin ya rufe tun da daɗewa. Daga ƙarshe suka sami kwafi guda da wani ya ɗora, amma ya yanke gefe da gefen hoton don ya dace da fuskar waya. Mai gyara ya kai shi minti na arba'in da bakwai. Jarumin ya cika allon yana gyara hularsa. Can a gefen hagu, gwiwar hannu da bakin kwando suka leƙo, suka ɓace.

"Ita ce," in ji tsohon. "Kwandonta ne."

"In zuba maka wannan ɗin?"

"Zuba."

Tsohon ya karɓi wayar da hannu biyu. Auta ta duba agogo, ta riga ta makara, amma ta shigo ta tsugunna kusa da kujerarsa. Ta ce rabonta da kallon wurin da kyau tun tana makaranta, kullum tana cewa ai kaset ɗin na nan.

"Baba, da ta waiwayo ɗin nan, murmushi take yi ko mamaki?"

Ya buɗe baki da niyyar amsawa nan take. Ya rufe. Ya lumshe ido ya ɗan jima, yatsunsa na motsi a kan gwiwarsa suna ƙirga taku shida.

"Murmushi," ya ce. Sai kuma ya girgiza kai. "A'a, tsaya. Rana na dukan fuskarta. Tsaya tukuna, zan tuna."

Mai gyara ya juya musu baya, ya shiga mayar da zaren cikin gidansa a hankali. Auta ta ci gaba da jira.