Bakin Malam Sammani Ladan

Shekara biyu Haulat ta yi tana zarya tsakanin asibitin haƙori, inda take aikin jinya, da ofisoshin da ke unguwar GRA kafin a amince da shirinta. Abin da take nema ba mai yawa ba ne. A riƙa duba bakin tsofaffi kyauta a unguwanninsu, asibiti ya ba da ma'aikata, kwamitin kowane masallaci ya tara mutane, wata ƙungiya kuma ta ɗauki nauyin magani da haƙoran roba. Ta zauna da masu unguwanni, ta yi wa limamai bayani har muryarta ta dushe. Mutum ɗaya ne ba ta taɓa yi wa zancen ba, mahaifinta, Malam Sammani, ladanin masallacin layinsu a Ƙofar Guga.

Ita ce ɗiyar fari. Ko sunanta ba ya faɗa, balle ita ta dubi idonsa ta ce ya buɗe baki. Ta ga ya bar cin goro. Ta ga matarsa, Inna Jummai, na dama masa kunu da rana tsaka, tuwo kuwa sai ya sha miya ya yi laushi. Da ya bar wa wani kiran salla bara, ya ce tsufa ne, ita ma ta bar shi a haka.

Ranar da shirin ya iso Ƙofar Guga, tana rumfar mata sai Likita Mahmud, baƙo a garin, ya leƙo.

"Sista, zo ki ga irin abin da muke faɗa."

Wani dattijo ne a kujera, hula bisa gwiwa, ido a rufe, baki a buɗe. Tun daga rigar ta gane shi. Haƙora biyar suka rage, duk suna girgiɗi, dasashi ya kumbura yana fitar da mugunya. Ya buɗe ido ya gan ta, ya yi maza ya kare bakinsa da hannun riga.

"Baba, tun yaushe?" in ji likita.

"Ya kai shekara ukku."

"Wa ya cire maka sauran?"

"Wanzami."

"Ba ka da kowa ne da zai kai ka asibiti? Da an zo da wuri, da na gaban nan sun tsira."

Malam Sammani ya dubi hularsa. "Akwai," ya ce. "Aiki ne ya yi mata yawa."

Haulat ta riƙe wa likita fitila har aka gama. Da yamma ta tarar da Inna Jummai a madafa.

"Inna, don mi ba ki hwaɗa mani ba?"

"Shi ya hana. Wata la'asar ya ji muryarshi a lasifika, haruffa na zubewa, iska na fita ta giɓi. Ya shigo ya ce ba za ya ɓata sunan Allah da bakinshi ba. Kwana biyu bai yi magana da kowa ba. Ke kuma kina zuwa, kina gani. Na zaci za ki tambaya."

An cire sauran biyar ɗin, aka yi masa na roba bayan dasashin ya warke. Ya koma cin tuwo, har da ɗan nama idan ya dahu sosai. Kwamitin masallaci suka zo da kansu suka roƙe shi ya karɓi ko da kiran azahar ne. Ya gwada sau ɗaya a ɗaki, Haulat na jin sa daga tsakar gida. Muryar na nan, amma haƙoran robar na motsi, ya tsaya a tsakiya. Ya aika musu cewa wanda ke yi yanzu ya iya, a bar masa.

A taron ƙarshen shekara an yaba mata ƙwarai, har aka ce za a kai shirin Batagarawa. Ta yi godiya a taƙaice, ta fito kafin a raba abinci.

Yanzu duk farkon wata takan zo da safar hannu da ƙaramar fitila. Yakan zauna a tabarma, ya kafa ido a rufin ɗaki, ta duba, ta wanke masa haƙoran robar. In ta gama sai ya ce Allah ya yi albarka, ita kuma ta tattara kayanta.