Akwatin Intanet a Kabet ɗin Malam Bamalli

Malam Bamalli yana kan kwafi na uku na takardar ƙorafi lokacin da hoton da ke kwamfutar 'yarsa Ikilima ya sake sandarewa. Ƙarfe goma da kwata ne. Sha ɗaya daidai wani asibiti a Abuja zai yi mata intabiyu ta bidiyo, aikin jinyar da ta shekara biyu tana nema. Saboda wannan rana ta sa kamfani ya sauya musu wayar intanet a makon jiya, aka kawo sabon akwatin intanet da alkawarin gudu ninki goma. Tun ranar kuwa, ko saƙon murya sai ya yada zango a hanya kamar motar Lambata.

"Baba, takarda ba za ta gyara shi ba," in ji Ikilima.

"Shekara talatin da biyar ina akawu. Ban taɓa ganin abin da ya gyaru ba takarda ba."

Ana haka Nneka, ma'aikaciyar kamfanin da Ikilima ta kira, ta sauka daga acaɓa. Ta gaishe su, ta gwada wayar da ta shigo gidan.

"Baba, layinku lafiya lau. Ina akwatin?"

Malam Bamalli ya zaro mukulli daga aljihu, cikin natsuwar wanda aka zo duba aikinsa. Ya buɗe kabet ɗin ƙarfe da ya saya gwanjo shekarar da ya yi ritaya. A aljihun ƙasa, tsakanin takardun gida da fayil ɗin fansho, ga akwatin nan yana ƙyafta fitila. Shi da kansa ya huda bayan kabet ɗin ya zura wayoyi, har lamba ya liƙa masa.

Nneka ta dafe kai. "Haba Baba! Kun kulle shi a kurkuku, kuma kuna ƙararsa wai bai yi gudu ba?"

"Ai tsohon akwatin a kan tebur yake," in ji Ikilima.

"Tsohon ba mai satarsa," ya ce. "Wannan kuwa gumin 'yata ne."



Nneka ta ce ƙarfen kabet ɗin ne yake tare wa akwatin sigina. Sarari yake so, wuri mai tsayi, tsakiyar gida. Duk suka ɗaga kai. Kanta ɗaya ce a falon, kuma a kanta takardar yabon da ofis ya ba Malam Bamalli take zaune cikin gilashi. Shekara tara ba wanda ya taɓa ta sai shi, kullum da safe, da tsummansa.

Saura minti goma sha biyu. Malam Bamalli ya jawo kujera, ya hau, ya sauko da takardar a rungume.

"Miƙo shi, 'yar nan."

Sha ɗaya da minti biyu ya ji Ikilima tana gaisuwa da Turanci, ya ji an amsa mata ba tsaiko. Ya sa takardar yabon a aljihun ƙasa, ya ɗora kwafi ukun nan a kai, ya kulle. Sannan ya ɗauki tsumman, ya sake hawa kujera a hankali, ya goge akwatin.